Tanimu ɗan Sulaiman, Sarkin Damagaram da ya ƙera igwa ya jawo ayari

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu na Filinge da sauran garuruwan Kurfai, maza da mata, yau filin namu na tarihin magabata zai yi doguwar tafiya zuwa gabas, domin mu kawo muku tarihin Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaiman, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a shekarar 1884 bayan ya shafe kimanin shekara 30 a kan gadon sarauta. Wani zai ce ina haɗin mai awon gero a Filinge da sarkin da ya yi zamani a garin da ke da nisan kusan kilomita 900 daga Yamai? To, duk wanda ya taɓa ɗaure kaya ya kama hanya ya san ciniki ba ya yiwuwa sai hanya na da lafiya, hanya kuwa ba ta lafiya sai da mai tsaronta, shi kuma mai tsaron nan ba don Allah yake yi ba, akwai wanda ke biyan kuɗin. Da wuya a sami sarki a ƙasar nan tamu da rayuwarsa ta fito da wannan lissafi fili kamar Tanimu.

Gidan da ya fito

Gidan sarautar Damagaram asalinsa daga wajen Barno yake. Wani malami da ake kira Malam Yunus ne ya kafa shi a wajejen shekarun 1730, lokacin da abin bai wuce ƴan ƙauyuka ba. Zuriyarsa suka yi ta sauya mazauni, har zuwa farkon ƙarni na 19 da Sulaiman, mahaifin Tanimu, ya mayar da fadarsa garin Zindar, wanda mu Hausawa muka fi kira da Damagaram. Gari ne da ke tsakiyar manyan duwatsu, kuma yana zaune daidai bakin hanyar da ta taso daga Azbin ta ratsa Damargu ta nufi Kano, wadda ke kudu da shi da kimanin kilomita 240.

Sai dai duk da haka sarkin Damagaram bara ne na Barno. Kowace shekara sai ya aika da gaisuwa Kukawa, kuma Shehun Barno na da wakili zaune a garin yana sa ido a kan abin da fada ke ciki. Da Sulaiman ya kau, ɗansa Ibrahim ya hau a 1822. Ibrahim ya so ya sauke wannan kaya daga kansa, ya riƙa ƙin aika gaisuwa, Barno kuwa ta riƙa turo masa runduna. A cikin wannan ja-in-ja ne ɗan'uwansa Tanimu ya fara ɗanɗana sarauta a 1841, amma shekara biyu kacal ya yi, a 1843 aka mayar da Ibrahim. Wato dai Kukawa ce ke juya ƴaƴan Sulaiman, ta ɗora wannan ta sauke wancan gwargwadon wanda ya fi yi mata biyayya.

Akwai wani abu da ya faru a 1846 da ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne ya nuna wa mai hankali cewa ƙarfin Barno ya fara ja baya. Rundunar Shehu Umaru ta fito domin ta hukunta Damagaram, sai Sarkin Wadai ya ga gida ba kowa, ya auko daga gabas ya ƙone Kukawa. Shehu Umaru ya farfaɗo, ya sake gina birninsa, amma kowa ya gani cewa Barno ba za ta iya yaƙi gabas da yamma a lokaci guda ba. Tanimu, wanda a lokacin ba ya kan mulki, na daga cikin waɗanda suka gani.

A farkon 1851 wani Bature ɗan Ingila mai suna James Richardson, wanda ya biyo ayarin gishiri na Buzayen Kel Ewe daga Azbin, ya sauka Damagaram ya yi makonni. Abin da ya rubuta game da garin ya kamata ɗan kasuwa ya ji shi. Ya tarar bashin fatake ya yi wa Sarki Ibrahim katutu, kuma hanyar da yake bi ya biya ita ce ya fita da dawakai ya kamo mutane, ya danƙa su ga masu bin sa bashi. Richardson bai yi nisa ba bayan ya bar garin, a watan Maris na wannan shekara ya rasu a kan hanyar Kukawa. Ba a daɗe ba kuma, a farkon shekarun 1850 ɗin nan, sarauta ta komo hannun Tanimu, kuma wannan karon ba ta sake kuɓuce masa ba sai da mutuwa ta raba.

Ganuwa da igwa

Darasin da Tanimu ya ɗauka daga wahalar ɗan'uwansa shi ne, kada ka ce wa Shehu ba ka yi, kuma kada ka bari ya sami hanyar tilasta maka. Saboda haka bai yanke gaisuwa da Kukawa ba, a baki shi bara ne mai biyayya. A aikace kuwa sai ya shiga abin da babu wani bara da ke yi idan da gaske yana nufin ya zauna bara. Ya kewaye unguwar Birni da ganuwa mai kauri da tsawo, wadda har yau ana ganin ragowarta a wasu wurare, kuma fadar da sarakunan Damagaram ke zaune a ciki ita ma ana danganta gininta da zamaninsa.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne makamai. A wancan zamani yaƙi a ƙasar Hausa na doki ne da mashi da takobi da kibiya, bindiga kuwa ƴar ƙalilan ce, ta ado da ban tsoro. Tanimu ya saye bindigogi masu yawa daga hannun fataken arewa, ya kafa runduna ta ƴan bindiga, akasarinsu bayinsa. Bai tsaya nan ba, sai ya sa maƙeran garinsa suka riƙa narka tagulla suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin gari, da gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Masu tarihi na kawo cewa ya tara bindiga har 6,000 da igwa 40. Ko da an ce igwar nan amonta ya fi ɓarnarta, a zamanin da dawakai ba su saba da irin wannan ƙara ba, amon ma makami ne.

Dalilin da ya sa ya damƙa bindiga a hannun bayi ba boyayye ba ne. Ɗan sarki idan ya yi ƙarfi sarauta yake nema, kuma Tanimu da kansa shaida ne, tunda shi da ɗan'uwansa sun shafe shekaru suna wannan kokawa. Bawa kuwa ba shi da gadon sarauta, duk girman da ya samu na ubangidansa ne. Shi ya sa ya ɗaukaka bayin fada ya ba su manyan muƙamai, ya rage dogaro da ƴan'uwansa na jini.

Da wannan ƙarfi ya faɗaɗa ƙasa. Ƙananan sarautun da a da suke tsaye kafaɗa da kafaɗa da Damagaram a ƙarƙashin Barno, irin su Mirya da Waca da Dungas, suka koma bin umurninsa. A kudu ikonsa ya kai ga Kance da Magarya da yankin da sarakunan Daura na Haɓe suka koma bayan jihadi, dawakansa kuma suka riƙa kai hari har cikin ƙasar Kano da Gumel. A gabas ya taka Muniyo, ƙasar Gure, wadda ita ma baranyar Barno ce. Bajamushen nan Gustav Nachtigal, wanda ya isa Kukawa a 1870, ya tarar fadar Shehu Umaru na cikin damuwa a kan Tanimu da igwoyinsa, amma Barno ba ta iya sauke shi kamar yadda ta yi a 1843 ba.

Maganar Muniyo ba ta ƙasa kawai ba ce. Mata masu sayar da kayan miya sun san darajar kanwa, makiyaya ma sun sani, kuma daga tafkunan Muniyo da Manga ake samo kanwa da gishirin mangul da ake kai wa kasuwannin ƙasar Hausa. Wanda ya riƙe wannan yanki ya riƙe bakin rijiyar kuɗi.

Zango da fatakensa

Nan ne maganar ta fi shafarmu. Shekaru aru-aru babbar hanyar hamada ita ce wadda ta tashi daga Tarabulus ta bi Fezzan da Bilma ta sauka Barno. A tsakiyar ƙarni na 19 wannan hanya ta lalace saboda hare-hare, musamman na Larabawan Aulad Sulaiman da suka kafa sansani a Kanem. Fatake ba su da ƙabila sai hanya mai lafiya, don haka nauyin ciniki ya karkata zuwa hanyar yamma, wadda ta bi Gadamas da Gat da Azbin da Damargu ta sauka Kano. Damagaram kuwa tana tsakiyar wannan hanya. Tun a ƙarshen 1852 da Heinrich Barth ya sauka garin ya lura cewa nan ce ƙofar shiga ƙasashen kudu ga duk mai fitowa daga arewa.

Tanimu bai ƙirƙiro wannan sa'a ba, amma ya san yadda zai riƙe ta. Raƙuman da ke ɗaukar kayan ba nasa ba ne, na Buzayen Kel Ewe ne, kuma su ne ke da iko da hanya daga Damargu zuwa Gat. Sarki mai gajeren tunani da bindiga 6,000 a hannu zai iya cewa bari ya murƙushe su. Shi kuwa ya zauna da su lafiya, domin kowa na bukatar kowa. Buzaye na bukatar geron Damargu da Damagaram, wanda suke kaiwa Bilma da Fashi su musanya da gishiri da dabino, suna kuma bukatar wurin da raƙumansu za su yi kiwo da rani. Shi kuma yana bukatar bindiga da tagulla da farar wuta da tufafi, waɗanda ba za su iso ba sai a bayan raƙumi. A wajen ganuwar Birni unguwar Zango ta bunƙasa, inda Buzaye da fataken Hausa ke sauke kaya, Larabawan Gadamas da na Tarabulus kuma suka kafa gidaje da wakilai a garin.

Daga arewa ana kawo yadudduka, da yawansu saƙar masaƙun Ingila, da sukari da takarda da turare da duwatsun ado. Daga kudu ana ɗaukar hauren giwa da jemammun fatu da tufafin Kano da gashin jimina. Wannan na ƙarshe shi ne ya yi tashe a shekarun 1870, lokacin da matan attajirai a Faris da Landan suka ɗauki yayin ƙawata huluna da shi. Kuɗinsa ya yi sama har ta kai mutanen Damargu na kiwon jimina a gida suna figar gashin. Ku duba fa, kwalliyar wata mata a Faransa ita ce ke sa manomi a arewacin Damagaram ya sami abin sayen riga, ita ce kuma ke ƙara wa Tanimu kuɗin albarushi. Amma yayi ba ya daɗewa, kuma Turawan Afirka ta Kudu sun shiga kiwon jimina gadan-gadan suka cika kasuwa, sai farashi ya faɗi a shekarun 1880, daidai ƙarshen zamanin Tanimu. Fataken da suka ci bashi suka tara gashi sun ji a jikinsu. Daga baya fatar akuya ce ta ɗan maye gurbin, ana fitar da ita ta Tarabulus har zuwa Amurka.

Kuɗin yau da kullum a kasuwa wuri ne, wanda ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya har hannu ya gaji, manyan cinikai kuwa ana yin su da azurfar Turai mai hoton sarauniya Mariya Tareza, ko kuma a yi musaya, ko a ba da bashi sai ayari ya komo. Shi wannan bashi shi ne jijiyar cinikin hamada gaba ɗaya. Attajiri a Tarabulus ya ba Bagadamashe kaya bashi, shi kuma ya ba dillali a Zango, dillali ya ba ɗan koli mai yawo ƙauyuka, ba a ga riba sai bayan shekara ko fiye. Irin wannan amana ba ta tsayawa a garin da sarki ke ƙwace dukiyar baƙo idan ya ga dama, kuma zaman da Larabawa suka yi a Damagaram suna ƙaruwa shaida ce cewa sun ga wurin ajiye dukiya.

Mu waiwayo gida kaɗan. A shekarun nan da Tanimu ke gina ganuwa, mu nan yamma wani hali ake ciki daban. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da tutar Kabi a kan Gwandu da Sakkwato, Zabarmawa da Arawa suka mara masa baya, mayaƙa irin su Isa Korombe suka yi ta gwabzawa a cikin Dallol Boso. Kurfai ba ta da sarki guda mai birni da runduna, kowane gari da manyansa da mayaƙansa, ga Buzayen Imanan da na Tagazar a maƙwabta, ga na arewa masu saukowa. Mai kaya a nan sai ya nemi kariya gari-gari. Wannan bambanci na daga cikin dalilan da suka sa manyan ayarori suka yi gabas, ƙasarmu kuwa ta tsaya a kan noma da kiwo da ƙaramin fatauci.

Wa ya biya?

Wanda ya tsaya a nan zai ce Tanimu gwarzo ne ba shi da tabo, kuma haka maroƙa suka fi so a tsaya. Amma tambayar da muka fara da ita tana nan. Bindigar da ke tsaron hanya da me aka saye ta? Babban abin da fadar Damagaram ke da shi na biya shi ne mutum. Hare-haren da ake kaiwa ƙasar Kano da Gumel da sauran maƙwabta ba don ɗaukaka suna kawai ake yin su ba, don kamo bayi ne. Wasu a sayar wa fataken arewa, wasu a tsugunar da su a ƙauyukan gandu kewaye da birni suna noma wa fada, wasu ƙarfafa kuma a ba su bindiga su je su kamo wasu. Daular Usmaniyya da ke mulkin Tarabulus ta haramta cinikin bayi baƙaƙe a 1857, amma haramcin bai hana ba, ya dai sa aka koma bin hanyoyin da idon hukuma ba ya kaiwa.

Ashe ke nan abin da Richardson ya gani a zamanin Ibrahim bai gushe ba a zamanin Tanimu, tsari kawai aka yi masa ya ƙara girma. Matar da ke kasa kayanta a Zango cikin kwanciyar hankali, da matar da aka ɗauke a bakin rijiya a wani ƙauyen Kazaure aka raba ta da goyonta, duk aikin runduna guda ne. Da yawan waɗanda aka kamo kuma Musulmi ne, masu salla kamar wanda ya kamo su, alhali Tanimu sarki ne da ke girmama malamai yana kusantar da su fada. A ganinmu duk mai ba da tarihinsa ya tsallake wannan bai yi wa waɗancan bayin Allah adalci ba, kuma bai fahimci inda arzikin garin ya fito ba.

Bayan rasuwarsa

Tanimu ya rasu a 1884, shekara uku bayan Shehu Umaru, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana yi wa biyayyar baki. Nan take rigimar gado ta tashi a cikin gida, wanda ya fara hawa bai kai shekara ba, sannan Sulaiman ɗan A'isha ya riƙe har 1893. A wannan shekara ce Rabe ya ci Kukawa, Barno ta faɗi, a Damagaram kuma ɗan Tanimu, Amadu Kuran Daga, ya hau. Amadu ya gaji rundunar da ubansa ya gina, ya kai ta har kusa da ganuwar Kano, inda aka gwabza da Sarki Alu a Gezawa a 1898. Attajirai irin su Malam Yaro, wanda sunansa ya kai har Tarabulus, a kan harsashin da Tanimu ya aza suka gina dukiyarsu.

A watan Mayun 1898 aka kashe wani kyaftin ɗin Faransa mai suna Cazemajou a Damagaram. Shekara ta zagayo sai ga ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ratso Arewa ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu ta kuma yi wa Birnin Ƙonni kaca-kaca. A ƙarshen Yulin 1899 aka haɗu a Tirmini, yamma da Damagaram. Bindigogin gargajiya da igwar tagulla ba su iya tsayawa gaban bindigogin zamani masu cin nesa ba, cikin yini guda aka watsa rundunar, Amadu ya fita daga gari, a watan Satumba aka kashe shi. Faransawa suka naɗa ɗan'uwansa Amadu Ɗan Basa, a 1906 kuma suka tuɓe shi bisa zargin yana shirya musu tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa.

Cinikin hamadar ma bai daɗe ba bayan haka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da raƙumi ke shafe watanni yana ɗauko wa daga Tarabulus suka riƙa isowa ta teku da rahusa, Larabawan Zango da yawa suka tattara suka koma Kano. Damagaram ta zama hedikwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Zuriyar Tanimu ce ke riƙe da sarautar har yau, kuma a 2006 hukumomin Nijar suka sanya unguwar Birni da fadar a jerin wuraren da suke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.